Ranar da Berlinde Ta Saki Kyarkeci

Duk garin Lissewaarde babu gidan da ya kai na Berlinde Vanhoutte sanyi. Na'urar ɗumama ɗaki tana nan manne a bangon falo, fes da farin fenti, amma shekara talatin da tara ba a taɓa murɗa ta ta wuce lamba ɗaya ba. Dalilin yana tsaye a tsakiyar falon kan siraran ƙafafu, lulluɓe da bargon da ita mai gidan ba ta taɓa rufa da mai kaurinsa ba. Kilabesin ce, wato kakar piyano, doguwa, mai koren fenti da ruwan zinariya, da tsirkiya ɗari da tamanin da uku a cikinta. Mutanen Titin Masaƙa Gimbiya suke ce mata, kuma ba don ƙauna ba.

Gimbiya ta kwamitin Makon Barok ce, bikin tsohon kiɗan nan da garinmu yake tinƙaho da shi duk ƙarshen Fabrairu. Kwana takwas take aiki a shekara. Ƙarti huɗu su zo su ɗauke ta kamar gawar bishop, su kai ta cocin Sint-Amand, baƙi su cika gari da manyan riguna da ƙananan jakunkuna, a buga kiɗan mutanen da suka mutu shekara ɗari uku da suka wuce, a tafa, a watse. Sauran kwanakin shekara kuwa tana kwance a falon Berlinde ana yi mata bauta.

Ba ta son zafi, katakon cikinta tsagewa yake yi. Ba ta son rana, don haka labulen falon a sake yake tun Berlinde tana budurwa. Ba a buɗe taga. Kwano huɗu na ruwa ne a ƙarƙashinta, a duba safe a duba yamma, kada iskar ɗakin ta bushe. Hayaƙin mai yana ɓata mata waya, saboda haka ba a suya a gidan, ko ta ƙwai ce. Sannan duk kwana biyu sai an zauna da ɗan makullin ƙarfe an saita mata murya, tsirkiya bayan tsirkiya, ko da babu mai taɓa ta sai baɗi, domin in aka bar ta mako guda sai ta saki jiki, a sha wahalar wata kafin ta dawo daidai. Wanda yake da wannan a falonsa ina za shi? Tafiya mafi nisa da Berlinde ta yi tun rasuwar ubanta ita ce Ostend, jana'izar wata gwaggo. Ta tafi a jirgin ƙasan safe ta dawo a na yamma.

Ubanta, Odiel Vanhoutte, shi ya jawo. Mai gyaran muryar piyano ne, yana yawo gida-gida da jakarsa a bayan keke, har kwamiti ya sayi Gimbiya aka rasa inda za a ajiye ta, don cocin laima gare shi. Suka ce masa ga gida kyauta, hawa biyu, ka zauna da iyalinka ka kula da ita. Ya sa hannu a takarda yana murna, har da sayo kek. Berlinde tana da goma sha tara a lokacin, ta gama sakandare, ta ma cike takardar neman aiki a jirgin ruwan da ke ƙetarawa Ingila. Laifinta ɗaya, kunne. Tun tana 'yar shekara tara ta ce wa uban ƙaramar ƙararrawar coci tana rigima da babbar, ya tsaya cak ya dube ta irin kallon da mahauci yake yi wa saniya mai ƙiba. Da Gimbiya ta iso ya ce ta taya shi shekara guda kawai, kafin ya saba da baƙuwar. Takardar jirgin tana nan har yau a cikin akwatin zare.

An yi wani Firmin, mai gasa burodi, mutum mai jan kunci da ƙamshin tanderu. Sau uku ya zo gidan wurinta. Sau ukun yana zaune a bakin kujera da kwat ɗinsa a jiki, yana magana ƙasa-ƙasa don Odiel yana saita murya. A na ukun ya yi atishawa, tsohon ya ɗago kai ya ce, "In za ka sake ka juya can." Firmin bai ƙara zuwa ba. Ya auri 'yar mai kantin takalma, jikokinsa bakwai yanzu. Ita kuwa ga ta da shekara hamsin da takwas ana ce mata Juffrouw, wato budurwa, kamar 'yar makaranta.

To ga abin da takardar nan ta ce, kuma wanda ya rubuta ta Allah ya isa. Mai kula da kilabesin zai zauna a gidan muddin yana aikin. In ya ajiye aikin da kansa, ko ya yi ɓarna da gangan, ya kwashe kayansa cikin wata guda, ba shi ba kwamiti. In kuwa kwamiti ne ya ga kunnensa ya gaza ya sallame shi, to yana da ɗaki har mutuwa a Gidan Hutu, 'yan fararen ɗakunan nan shida da ke bayan coci, kewaye da lambu. Kunne kawai aka rubuta. Ba a san mutum yana da gwiwa ko yatsu ba.

Odiel ya ci wannan moriya. Da kunnensa ya toshe aka ba shi ɗaki na huɗu, takarda ta koma sunan 'yarsa, ya yi shekara shida a ciki da riga mai gajeren hannu a tsakiyar hunturu. Ɗumin daga ƙarƙashin daɓe yake tasowa. Duk Lahadi Berlinde takan kai masa miya, ta cire takalmi da safa, ta shimfiɗa tafin ƙafarta a ƙasa, ta yi awa guda a haka. Akwai taga mai kallon kudu, rana tana shigowa har kan gado. Akwai ɗan murhu mai kai biyu, wanda mutum zai soya duk abin da ya ga dama a kansa. Bayan Odiel, Remi mai kaɗa ƙararrawa ne ya shiga ɗakin, ya daɗe ainun, sai a Janairun bara ya rasu. Kwamiti ya ce ranar da za a rufe biki zai faɗi wanda za a ba. Sauran mutum biyar na Gidan Hutu kuwa lafiyarsu ƙalau, biyu daga ciki ma keke suke hawa.

Berlinde ta sa rigarta ta zuwa coci ta tafi ofishin shugaban kwamiti, Meneer Staelens, wato Malam Staelens, tsohon lauya mai gyalen siliki a wuya ko da rani. Ofishin zafi gare shi har tabaranta ya yi hazo.

"Juffrouw Vanhoutte, sannu da zuwa. Ya Gimbiyar tamu?"

"Gimbiyarku lafiya lau. Ni ce ba lafiya." Ta ɗora hannayenta a kan teburinsa, gaɓoɓin yatsun sun kumbura kamar citta. "Ɗaki na huɗu nake so, Meneer."

Ya dubi hannayen da tausayi sosai, irin tausayin da ba ya hana mutum cin abincin rana. "Ayya. Kin gwada man nan na kantin magani, mai ɗumi? Matata tana yabonsa."

"Na gwada. Ɗakin nake so."

"Ai da ni kaɗai ne, da yau kin kwana a ciki. Amma kin san takarda. Kunne ta ce."

"To ku ce kunnen ne mana. Wa zai bincika?"

"Haba Juffrouw. Kunnen Vanhoutte? Makaɗa daga Paris suke zuwa garin nan saboda shi. Ko na faɗa wa zai yarda?" Ya tura mata kwanon alewa. "Ke fa dukiyar gari ce."

"Dukiyar gari da safa uku take kwana."

Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ban dariyarta sak na marigayi babanta, ya raka ta har bakin ƙofa.

Ta je wurin likitar kunne da niyyar ƙarya. Aka ɗora mata abin sauraro a ka, aka ce ta danna maɓalli duk sanda ta ji ƙara. Ta ƙudura a ranta ba za ta danna ba ko tsawa aka yi. Ƙara ta farko ta zo, siririya kamar zaren gizo, kuma a karkace, ta ɗan sauka daga inda ya kamata ta tsaya. Fuskar Berlinde ta yamutse tun kafin ta ankara.

"Kin ji ke nan, Juffrouw," in ji likitar.

"Ban ji ba. Amma na'urarku tana bukatar gyara."

Likita ta rubuta cewa kunnen 'yar shekara ashirin gare ta, ta taya ta murna.

Kullum yamma in ta gama da kwanukan ruwa, shagon Mariette take zuwa, mai soya dankali a kusurwar titi, wadda suka yi aji ɗaya tun firamare. Kwat na daban gare ta don wannan zuwan, a zaure take rataye shi saboda warin mai. Takan riƙe ƙunshin dankalin da hannu biyu har ya huce sannan ta ci.

"Ke dai ba ki da wayo, Linde," in ji Mariette tana tsamo dankali daga mai. "Na'ura kika je yi wa ƙarya? Mutane ake yi wa ƙarya. Ki ɓata musu kiɗan a gaban baƙinsu sau ɗaya tak, ki ga in ba su kai ki ɗaki na huɗu a kafaɗa ba."

"In ɓata yaya?"

"Ni na sani? Ki zuba wa Gimbiyar miya a ciki. Ki murɗa abin ɗumin nan ya kai biyar, ki tafi sinima."

"Sai ta tsage."

"To ta tsage mana. Uwarki ce?"

Berlinde ta juya ƙunshin a hannu. "In na lalata ta, kora ce, wata guda in kwashe. In je ina, ƙarƙashin teburinki? Sai dai abin ya yi kama da kunne."

"To ki sa ya yi kama da kunne. In sa miki mayonis a dankalin ko a'a?"

"Sa." Ta ɗauki dankali ɗaya ta mayar. "Akwai kyarkeci."

"Akwai me? Sanyin nan ya fara taɓa miki kai."

Duk mai saita murya ya san kyarkeci. Muryoyi goma sha biyu ne a jere, su ne suke maimaituwa daga ƙasa har sama, kuma yadda Allah ya yi su ba sa taɓa shiryawa gaba ɗaya. Ka sasanta wannan da wancan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya suna daɗi, in ka zagayo ƙarshe sai ka tarar da biyu da in an buga su tare kuka suke yi, wani irin gurnani mai rawa da ke sa haƙori tsami. Shi ake ce wa kyarkeci. A piyanon zamani an yayyanka shi an raba wa kowace murya kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba mai ji. Mutanen Barok ba su yarda da haka ba. Sun fi so sauran muryoyin su fito tas, kyarkecin a bar shi ɗungurungum, a kora shi lungun da kiɗan ranar ba zai taka ba. Aikin Berlinde ke nan. Kafin kowane wasa a ba ta takardun kiɗan, ta duba inda yatsun makaɗi za su bi, ta ɗaure dabbar a inda ba za su bi ba. Odiel yakan ce mata, "Ba kashe shi za ki yi ba, 'yar nan, ba ya mutuwa. Ki dai san inda kika ɗaure shi." Shekara talatin da biyu da makulli a hannunta, ba wanda ya taɓa jin ko haushinsa a cocin nan.

Babban wasa ranar Asabar ta ƙarshe ne, ƙarfe uku na rana. Makaɗin Tjeerd Oosterbaan ne daga Holan, dogo mai sanƙo, wanda ba ya gaisawa da hannu don kada a matse masa yatsu, kuma an ce ya taɓa jifan wani mai saita murya da takardu a Jamus. Rabi na biyu na wasan zai buɗe da kiɗan makoki, wanda wani mutum ya rubuta bayan ya binne 'yarsa. Berlinde ta duba takardar, ta ga wata murya guda da kiɗan yake ta komawa kanta kamar harshe a kan haƙori mai ciwo, sau arba'in da wani abu. Murya ɗaya ce, tana maimaituwa sau biyar daga ƙasa zuwa sama, kowace da tsirkiya uku, goma sha biyar ke nan. Minti goma ya isa a kwance kyarkeci daga lungunsa a ɗaure shi a nan.

Ranar Juma'a ta haɗa akwati biyu. Ta je kasuwa ta sayi kaskon suya sabo fil, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Rabin farko ya tafi lafiya. Aka tashi hutu, mutum ɗari huɗu suka yi bayan coci wurin kofi da giya. Berlinde ta hau dandamali da baƙar rigarta kamar yadda take yi duk hutun wasa don gyara abin da numfashin jama'a ya karkatar. Ba wanda ya dube ta, ba a taɓa dubanta ba. Wata mata ce kawai ta matso ta tambaye ta ina banɗaki, ta nuna mata. Sannan ta ɗora makulli a kan ƙusa ta farko.

Ta murɗa kaɗan, ta buga, ta saurara, ta ƙara ɗan ƙiris. Ta koma ta biyu ta daidaita ta da ta farko. Haka har goma sha biyar, kowace ta zauna cif a kan 'yar'uwarta, domin hannun nan bai san wata hanyar yin aiki ba. Da ta gama ta danna muryoyin biyu tare a hankali, kyarkeci ya amsa mata daga tsakiya. Sai da ta dafa katako. Ji ta yi kamar ta tofa yawu a kabarin ubanta. Ta rufe jaka, ta koma kujerarta bayan ginshiƙi, inda iskar ƙofa take shigowa.

Oosterbaan ya fito, ya rusuna, ya zauna, ya rufe ido ya daɗe kamar yadda suke yi. Layi na farko lafiya. A na biyu ya taka. Ƙarar ta tashi a karkace ta bugi rufin coci tana rawa. Kafaɗarsa ta zabura, wuyansa ya yi ja har sanƙo. Berlinde ta gyara zama tana jiran ya miƙe ya nemo ta da ido. Ta riga ta shirya fuskar da za ta yi da abin da za ta ce, wato ita ba ta ji komai ba.

Bai miƙe ba. Ya ɗan tsaya, yatsunsa a sama, sannan ya sake taka wurin a hankali kamar mai gwada ƙanƙarar tafki da ƙafa. Daga nan ya rage gudu. Duk sanda kiɗan ya zo kan muryar sai ya jinkirta, ya danne ta, ya bar ta ta yi kukanta har ta mutu. Sau arba'in da wani abu. Berlinde ta toshe kunne ɗaya da yatsa a ɓoye, kowane bugu kamar ana ja mata ƙusa a ƙashin baya. Da ta leƙa ta gefen ginshiƙi sai ta ga matar magajin gari tana share ido. Wani mai gemu a layin gaba ya kife fuska a tafin hannu. Aka gama, coci ya yi tsit har ana jin ɗigar ruwa a kwararo, sannan suka miƙe tsaye gaba ɗayansu.

Mutum ɗari huɗu, rabinsu masu digiri a wannan kiɗa, suka yi minti shida suna tafa wa abin da ko ɗan koyo ya yi shi sai an ƙwace masa makulli.

A ɗan ɗakin da ke bayan bagade suka tare ta, Staelens da Oosterbaan da mai gemun nan, ashe ɗan jarida ne daga babban birni. Oosterbaan, shi da ba ya gaisawa, ya kama hannunta da hannu biyu ya matse kumburarrun gaɓoɓin har ta ciji leɓe.

"Mevrouw," ya ce mata, wato uwargida, "shekara ashirin ina buga wannan kiɗa, sai yau na gane abin da mutumin yake nufi. Uban da ya binne 'yarsa me zai yi da murya mai daɗi? A ina kika samo? Wane littafi?"

"Ba littafi. Kuskure na yi." Ta zare hannunta ta juya. "Kunnena ya tafi, Meneer Staelens. Ga shaida, kowa ya ji."

Suka dubi juna suka yi murmushi.

"Kun ji ta ko," in ji Staelens. "Haka babanta yake, yabo ƙaiƙayi yake sa shi."

"Ba yabo nake gudu ba. Ce muku nake ban ji ba. Na ɗauka daidai na yi. Gobe ma haka zan yi, ko abin da ya fi haka muni."

Oosterbaan ya ce ta zo. Coci ya kusa zama fayau, ana tattara kujeru. Ya zauna gaban Gimbiya ya buga tsirkiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan bibbiyu, kansa a karkace. Ko rawar sauro babu a tsakaninsu.

"Goma sha biyar," ya ce, "duk a wuri ɗaya, babu wadda ta kauce ko da kaurin gashi. Wanda kunnensa ya mutu, wannan sama za ta yi, waccan ƙasa. Ni dai ban taɓa ganin kurman da ya yi kuskure ɗaya sau goma sha biyar ba."

Ta buɗe baki. Abin da ya rage shi ne ta ce da gangan ta yi. Ta dubi Staelens yana gyara gyalensa, tsohon lauya, wanda ya san takardar nan da ka, ya san abin da ta ce a kan ganganci. Ta rufe bakin. Mai gemu ya ciro biro ya tambaye ta yadda ake rubuta Vanhoutte, da "t" ɗaya ko biyu.

Ranar Lahadi aka rufe biki. Staelens ya hau dandamali ya gode wa kowa har da mai sayar da kofi. Ɗaki na huɗu aka ba Cyriel, mai jera kujeru, shekara ashirin da huɗu yana yi, bayansa ya lanƙwashe. Ba wanda ya ce bai cancanta ba. Sannan aka kira Juffrouw Vanhoutte, karo na farko a rayuwarta, aka ɗora mata furanni a hannu, aka karanta abin da jarida ta rubuta da safen a kan "saitin Vanhoutte, sirrin da wani gida ya riƙe shekara da shekaru". Staelens ya ce akwai albishir kuma. Meneer Oosterbaan zai ɗauki kiɗan makokin a faifai cikin watan Nuwamba, kuma a falon Titin Masaƙa za a yi, inda Gimbiya ta saba. Roƙonsa biyu ne. A kashe na'urar ɗumi gaba ɗaya a kwanakin, don tana wata 'yar ƙara. Kuma kada a taɓa saitin, a bar Gimbiya a kansa har lokacin, katako ya saba.

Aka tafa. Furannin ma a zaure suka kwana, kusa da kwat ɗin dankali, don ƙurarsu ba ta shiga falo.

"Wai ke ko ɓarna ba ki iya ba?" in ji Mariette ranar Litinin. "An ce ki yi shirme, kin je kin yi shirme mai kyau. Me ya hana ki saki ɗaya nan ɗaya can kamar 'yar adam?"

"Na yi tunanin haka."

"Sai aka yi yaya?"

"Ina ji, Mariette. Ina jin ba ta zauna ba, yaya zan cire makulli?"

Mariette ta ƙara mata dankali cokali guda ba ta tambaya ba. "Baɗi kawai ki ce ba ki da lafiya."

"Sai su kawo mini Gimbiyar bakin gado."

Ta kwance akwatunan biyu a makon. Kaskon ta kai wa Cyriel ranar Lahadi, a naɗe da takarda, ta ce na tarewa ne. Ya yi murna sosai, ya ce ta shigo, ya fasa ƙwai huɗu nan take. Ta tambaye shi ko zai damu in ta cire takalmi. Ya ce ta cire har abin da ya fi takalmi in tana so, shi bayansa ba ya barinsa juyowa da sauri. Ta shimfiɗa ƙafa a daɓe, rana tana kan gwiwarta. Ta lura da yadda yake cin ƙwai da burodi, shekara sittin da shida, kunci jawur, haƙoransa duk nasa. Ya ce ta riƙa zuwa duk Lahadi. Ba a yi rabin awa ba hadari ya rufe tagar, aka fara yayyafi, ta jawo safarta.

"Ina za ki? Ko kofi ba ki sha ba."

"Iska ta juya. Yanzu muryar Gimbiya za ta fara sauka."

An ɗauki faifan a Nuwamba, kwana huɗu ba ɗumi, Berlinde ta yi tarin da bai sake ta ba sai bayan Kirsimeti. Bana makaɗa uku ne suka rubuto wa kwamiti tun kafin biki cewa saitin Vanhoutte suke so, sai Staelens ya ce gara a bar Gimbiya a kansa dindindin. Sunanta yana cikin littafin biki yanzu, shafi na biyu, da "t" biyu.

Duk kwana biyu, wajen ƙarfe goma na safe, masu wucewa ta Titin Masaƙa sukan ji ta bayan labule tana bin tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya. In ta zo kan goma sha biyar ɗin nan takan daɗe. Sai ta zaunar da kowace cif, sannan ta danna muryoyin biyu tare don ta tabbatar, kyarkeci ya yi kukansa a tsakiyar falonta, karen gidan da ke daura ya amsa. Daga nan a ji ƙarar buta, tana cika kwanukan ruwa.